Yadda Za a Nemi Gyaran Dokar Walicci a Kan Manya Masu Naƙasa

Ina da 'yar gwaggo a Unguwar Rogo, cikin garin Jos, wadda aka haifa kurma. Tela ce, shekarunta sun haura 30, kuma tana da wani littafi mai bangon kwali da take rubuta awon duk wadda ta kawo ɗinki, da kafin alƙalamin da aka ba ta, da ragowar da take bi. Ban taɓa jin an kama ta da kuskuren ko sisin kwabo a cikinsa ba. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gado, sai dangi suka zauna a tsakar gida, ita tana ɗaki tana fama da ɗinkin sallah, suka yanke cewa yayanta ne zai riƙe mata kasonta na kuɗin hayar shaguna. Ba a je gaban alƙali ba, ba a rubuta komai ba, ba a kuma kira ta an ji ta bakinta ba. Bayan shekara shida ta so ta sayi keken ɗinki mai aiki da lantarki, sai ta rubuta masa a takarda: "Yaya, ina son a ba ni daga cikin kuɗina." Ya karanta, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce wa gwaggo ta gaya mata shi ya san abin da ya dace da ita.

Ba na zarginsa da cin amana, domin da aka zo lissafi daga baya an tarar da mafi yawan kuɗin. Abin da ya dame ni shi ne, mace baliga mai cikakken hankali ta yi shekara shida ba ta da iko da dukiyarta, kuma babu wata ƙofa da aka tanada wadda za ta ƙwanƙwasa da kanta a saurare ta. Walicci a nan yana nufin a ɗora wa wani ikon yanke hukunci a madadin baligi a kan dukiyarsa, maganinsa, aurensa ko inda zai zauna. Wannan bayani na ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman ne, da iyalai, da lauyoyi da malamai da ke son a sauya yadda ake ɗora wannan iko da yadda ake sauke shi.

Duk wanda zai nemi gyaran doka sai ya fara sanin abin da ke rubuce a yanzu, domin ɗan majalisar da aka je wa da kuka kawai zai tausaya, ya ba da kuɗin mota, ya manta. Nijeriya ta sa hannu a Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Naƙasa a 2007, ta kuma tabbatar da amincewarta a watan Satumba na 2010. Sashe na 12 na yarjejeniyar shi ne ginshiƙin wannan magana: ya ce mai naƙasa yana da ikon gudanar da al'amuransa a gaban doka daidai da kowa, kuma wajibi ne ƙasa ta samar masa da tallafin da yake buƙata don ya yi amfani da wannan iko, har da mallakar dukiya, cin gado da riƙe kuɗinsa. A 2014 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya fassara sashen da cewa a bar tsarin yanke wa mutum hukunci, a koma tsarin taimaka masa ya yanke da kansa. Sai dai sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulkinmu na 1999 ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a nan sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, saboda haka ambaton ta kaɗai ba ya ɗaure alƙali ko manajan banki.

Dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta kafa hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa a Abuja, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma yanke tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, da naira miliyan ɗaya ga kamfani. Ƙarfinta ya karkata ga gine-gine, sufuri, ilimi da aiki. Ba ta shimfiɗa tsarin yadda za a tallafa wa baligi wajen yanke shawara ba. Ita kuwa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2021, da aka sa wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 wadda asalinta na zamanin Turawa ne tun 1916, amma ta fi mayar da hankali ga jinya da kwantarwa a asibiti. A sa lauyan ƙungiya ya buɗe kundin dokokin Jihar Filato da ƙa'idojin Babbar Kotu, ya fitar da duk inda aka ambaci mahaukaci ko marar cikakken hankali, ya jera su a takarda ɗaya, domin waɗannan sassa su ne za a nemi a soke ko a gyara.

Akwai wani sashe da masu fafutuka kan tsallake, alhali shi ya fi shafar Musulmin Jos da Abuja. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki, da takwaransa na 262 game da Babban Birnin Tarayya, sun ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin sauraron batutuwan da suka shafi yaro, almubazzari, marar cikakken hankali, da ciyarwa ko waliccin Musulmin da ke da rauni a jiki ko a hankali. Ma'anar wannan ita ce duk ƙudirin da ya yi biris da shari'ar Musulunci, ko da dokar al'ada da sauran ƙabilun Filato ke bi wajen gado, zai tsaya a takarda, jama'a kuma su ci gaba da yanke hukuncinsu a tsakar gida. Daga nan ne ake gane inda ya kamata a kai ƙudirin: al'amuran gado, ƙananan kotuna da riƙon dukiya galibi a hannun jihohi suke, don haka mutanen Jos su nufi Majalisar Dokokin Filato mai kujeru 24. Mazauna Abuja ba su da majalisar jiha, sashe na 299 ya ɗora wa Majalisar Tarayya yi musu doka, kuma hanyarsu ta fi tsawo domin sai ƙudiri ya ratsa majalisar wakilai da ta dattawa.

Kafin a rubuta ko layi ɗaya na ƙudiri, a tara labaran gaskiya. A bi unguwa-unguwa, Gangare, Rikkos, Nasarawa, Bukuru, ta hannun sarkin makafi, sarkin guragu, shugabannin kurame da reshen jiha na haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa ta ƙasa, wato JONAPWD. A kowane labari a rubuta abu huɗu: wane ne ya karɓi ikon, wa ya ba shi, tun yaushe, kuma ko an taɓa yin lissafi. A nemi yardar mai labarin da kansa, da maganar hannu idan kurma ne, da karanta masa idan makaho ne, a kuma cire sunansa da na gidansu kafin takardar ta fita, domin mutum zai koma ya kwana a gidan da ya yi ƙorafi a kansa. Labari talatin da aka tantance sun fi alƙaluman da aka aro daga wata ƙasa tasiri a kunnen kwamiti. Sashen ilimin masu buƙata ta musamman da tsangayar shari'a na Jami'ar Jos wurare ne da ya kamata a nemi haɗin kansu wajen wannan aiki.

Abin da za a zuba a cikin ƙudirin shi ne wurin da ya kamata a daɗe ana tattaunawa. Sashe na farko ya faɗa ƙarara cewa duk wanda ya kai shekara 18 ana ɗaukarsa mai ikon kansa, kuma makanta, kurumta, gurguntaka, farfaɗiya ko takardar likita da ke nuna wata lalura ba su isa hujjar karɓe masa wannan iko ba. Wanda ke iƙirarin cewa mutum ba zai iya ba, shi ne zai kawo hujja, kuma hujjar ta tsaya ga takamaiman al'amari, domin wanda ba zai iya sayar da gona ba yana iya sanin wanda yake so ya aura, da abincin da yake so, da gidan da ya fi samun natsuwa a cikinsa.

Bayan wannan sai yarjejeniyar tallafi, wadda ita ce sabon abu. Mai naƙasa ya zaɓi wanda ya yarda da shi, ɗan'uwa ne ko aboki ko malaminsa, a rubuta abin da zai taimaka masa a kai, kamar karanta masa takardun banki, raka shi wurin likita, ko yi masa bayanin yarjejeniyar haya da kalmomi masu sauƙi, amma sa hannu ko dangwala yatsa ya kasance na mai lamarin. A yi rajistar takardar a ƙaramar kotu mafi kusa da kuɗi kaɗan ko kyauta, kuma mai ita ya iya soke ta ranar da ya ga dama ba tare da ya ɗauki lauya ba. Idan wani ɗan majalisa ya ce wannan baƙon abu ne, a tuna masa cewa Dokar Zaɓe ta 2022 ta yarda makaho ya shiga rumfar zaɓe da mutumin da shi ya zaɓa ya taimaka masa, kuma ba wanda ya ce ƙuri'ar ta zama ta ɗan rakiya. Lallai ne kuma a sa sashen da zai tilasta wa bankuna, asibitoci da ofisoshin filaye karɓar wannan takarda, tare da kare ma'aikacin da ya yi aiki da ita bisa gaskiya, domin tsoron a kama shi da laifi ne ke sa ma'aikacin banki ya ce sai an zo da wani namiji daga gida.

Akwai masu lalurar da ke zuwa ta tafi, mutum ya yi wata takwas yana kasuwancinsa lafiya, sannan ciwo ya kwantar da shi wata biyu. Irin waɗannan suna buƙatar doka ta ba su damar rubutawa tun suna cikin hayyacinsu: wane ne zai riƙe shago idan ciwon ya tashi, wane asibiti za a kai su, da abin da ba su yarda a yi musu ba. A ƙa'idar da muka gada daga Ingila, takardar wakilci ta yau da kullum takan faɗi da zarar mai ba da ita ya rasa fahimta, wato daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Su Ingilan sun toshe wannan giɓi tun a dokarsu ta 1985, suka faɗaɗa gyaran a ta 2005, mu ma sai ƙudirinmu ya toshe shi.

Inda ake samun saɓani na gaske shi ne batun wanda ba a iya gane nufinsa ko da an yi iyakar ƙoƙari, kamar wanda ya yi dogon suma bayan haɗarin mota, ko tsohon da mantuwa ta ci ƙarfinsa. Ƙasar Peru a 2018 da Kolombiya a 2019 sun soke walicci saboda naƙasa, suka maye gurbinsa da tsarin tallafi, Sifaniya ta bi sahu a 2021. Ƙasar Ayalan ta bi wata hanyar: dokarta ta 2015 ta yi matakai uku, daga mai taimakawa, zuwa wanda ake yanke shawara tare da shi, zuwa wakilin da kotu ke naɗawa idan babu makawa, ta kuma kafa ofishin da ke sa ido a kansu. A ganina tsarin Ayalan ya fi kusa da abin da majalisarmu da iyalanmu za su karɓa, kuma bai kamata a yaudari uwar da ta shekara 25 tana ciyar da ɗanta a baki da cewa ba za a taɓa buƙatar wakili ba. Abin nema shi ne naɗin ya zama matakin ƙarshe, da sharuɗɗa masu tsauri: alƙali ya ga mutumin ido da ido, ko da zai bi shi gida ne, a samar da mai fassara da lauya, ko daga hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, umarnin kotu ya ambaci abin da wakili zai taɓa da abin da ba zai taɓa ba, ya ƙare da kansa bayan wa'adi, misali shekara biyu, sai an sake dubawa, wakili ya kawo lissafi a rubuce kowace shekara, kuma ya bi abin da aka san mutumin yana so tun yana iya faɗa. Sayar da gida ko gona, ɗaura aure, tsayar da haihuwa da tsare mutum a wani wuri, kada a bar wa wakili su shi kaɗai. Wanda ya tuna yadda 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, da yawansu da mari a ƙafa, kuma iyalai ne suka kai mafi yawansu da sunan gyaran hali, ya san dalilin wannan sharaɗi.

Kada a jira sai an kai ƙudiri majalisa kafin a je wurin malamai, domin idan suka fara jin labarinsa daga bakin masu adawa da shi, za a ce musu an zo da dokar Turawa don a raba 'ya'ya da iyayensu. A je da ladabi, a ce, "Allah gafarta Malam, mun zo neman fatawa ne a kan hajru," wato hana mutum tasarrufi da dukiyarsa. Za a tarar fiƙihu ya riga mu faɗin da yawa daga abin da muke nema. Aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta hana miƙa wa safihi, wato wanda bai iya tattalin dukiya ba, dukiya, amma ta yi umarni a ciyar da shi, a tufatar da shi daga cikinta, a kuma yi masa magana mai kyau. Aya ta 6 ta ce a jarraba marayu, idan an ga shiriya a tare da su a miƙa musu dukiyarsu, a kafa shaidu. Wato akwai gwaji, akwai mayarwa, akwai shaida. Malamai sun san cewa hajru yana da dalili, kuma yana gushewa idan dalilin ya gushe, sannan makanta, kurumta da gurguntaka ba sa cikin dalilan. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, amma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sha barin sa a kan al'amuran Madina idan zai yi tafiya. A nemi malamai su rubuta matsayarsu, a haɗa da ƙudirin. A Jos kuwa, inda hedikwatar cocin COCIN da ta cocin ECWA suke, kuma inda aka kafa ƙungiyar Izala a 1978, ƙudirin da ya shiga majalisa da goyon bayan ɓangare ɗaya kawai zai ɗauki launin da ba nasa ba, saboda haka a zauna da shugabannin coci da sarakunan gargajiya a mako ɗaya da malamai.

Hanyar shigar da ƙudiri biyu ce. Ko a samu ɗan majalisa ya ɗauki nauyinsa, ko a shawo kan kwamishinan shari'a ya kawo shi daga ɓangaren gwamna; ta biyun ta fi wahalar samu amma ta fi saurin kaiwa ga sa hannu, musamman da yake ƙudirin zai ci kuɗi. Filato ba baƙuwa ba ce a wannan fage: tana da hukumar kare haƙƙin masu naƙasa ta jiha, kuma James Lalu da Ayuba Gufwan, waɗanda suka jagoranci hukumar ta ƙasa ɗaya bayan ɗaya, duk 'yan jihar ne. Bayan karatu na farko da na biyu ƙudiri yana zuwa kwamiti, kuma zaman jin ra'ayin jama'a shi ne ranar da ƙungiya za ta nuna shirinta. Takardar bayani kada ta wuce shafi uku, a kai wa akawun kwamiti tun kafin ranar, a je a duba ko keken guragu zai iya shiga zauren, a tanadi mai fassarar maganar hannu da kuɗin ƙungiya idan majalisa ba ta tanada ba. Masu naƙasar su yi magana da bakinsu ko da hannunsu, har da masu lalurar ƙwaƙwalwa da masu jinkirin fahimta, waɗanda ko a cikin ƙungiyoyin masu naƙasa akan bar su a baya. Zai zama abin kunya a zo neman dokar da ta hana yin magana a madadin mutum, alhali lauyoyi da iyaye ne kaɗai suka riƙe makirufo.

A lura da lokaci. Ƙudirin da bai kammala ba kafin wa'adin majalisa na shekara huɗu ya cika, yakan faɗi a sake shi daga farko, don haka a shigar da shi a shekarar farko ko ta biyu. Gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, kuma majalisa na iya tsallake shi da kashi biyu cikin uku, amma ba kasafai ake ganin haka ba. Dokar masu naƙasa ta ƙasa ma sai da Majalisar Tarayya ta zartar da ita a 2011 da 2015 ba tare da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu ba, ita kuwa dokar Ayalan ta 2015 ba ta fara aiki sosai ba sai Afrilun 2023. Saboda haka a rubuta ranar fara aiki a cikin ƙudirin, da ofishin da zai riƙe rajista, da horar da alƙalan ƙananan kotuna, da wa'adin sake duba duk wani walicci da kotu ta riga ta ɗora, sannan a bi kasafin kuɗi a ga ko an ware masa wani abu.

Kafin duk wannan ya tabbata, iyali na iya fara aiki da tsarin a gida, kuma haka muka yi. Mun zauna a zauren mai unguwa wata safiya cikin sanyin hunturu, da gwaggo, da yayan, da wata ƙawarta da suka yi makarantar kurame tare tana fassara. Ta buɗe littafinta mai bangon kwali, shi ma ya kawo nasa lissafin, aka daidaita, aka rubuta cewa daga ranar masu haya za su riƙa zuba kasonta a asusun da ke ɗauke da sunanta da lambar BVN ɗinta, kuma ita ta zaɓi ƙanwarta ta riƙa raka ta banki. A bankin sai da muka yi zuwa uku, domin ma'aikacin ya nace sai wani ya sa hannu tare da ita, kuma takardar da muka rubuta a zauren mai unguwa ba ta da wata doka a bayanta da za mu nuna masa. Wani babba a reshen ne ya duba ya ce a buɗe mata. Kwafin wannan takarda, bayan ta yarda an goge sunaye, shi ne shafi na farko a fayil ɗin da muke tarawa don kai wa kwamitin majalisa.